Kunne Ya Ji, Jiki Bai Tsira Ba

Magabatanmu sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba mu zo don mu ƙaryata su ba, domin ba mu kai ba. Amma ran 18 ga watan Yuni, 2023, wani ɗan jirgin nutso mai suna Titan ya tsunduma cikin tekun Atlantika, ya nufi inda ragowar jirgin Titanic take kwance a zurfin mita 3,800, da mutum biyar a cikinsa, da kunnuwan lantarki takwas manne a jikinsa waɗanda aka ce za su ji duk wata ƙara da jikin zai yi, su yi gargaɗi tun kafin ta ɓaci. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi aka daina jin ɗuriyarsa. Ruwa ya matse shi ya murƙushe cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Daga cikin waɗanda suka halaka akwai Suleman Dawood, ɗan shekara 19, ɗalibi kamarmu a Jami'ar Strathclyde da ke Sikotilan, wanda ya bi mahaifinsa.

Tun daga wannan rana muke jin magana iri biyu a ɗakunan kwana da zauren cin abinci, kuma dukansu biyu ba su gamshe mu ba. Wasu suna cewa ai attajirai ne da suka biya dala 250,000 kowannensu don su je kallon kabari, abin da ya same su ba ruwan talaka. Wasu kuma, har da waɗanda ke karatun injiniya, sun yanke hukunci cewa sauraren ƙarar jikin gini ko na'ura tatsuniya ce ta 'yan talla, Titan ya tona asirinta. Mu dai ra'ayinmu shi ne, ilmin nan na gaskiya ne, kuma kunnuwan Titan sun ji abin da ya kamata su ji. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambaye su daga ina ƙarar ta fito, ya kuma yarda da amsar ko da za ta ci masa kuɗi.

Bari mu fara da abin da aka ƙera jirgin da shi. Duk wanda ya taɓa ganin magina suna cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali ya riga ya san tushen abin da injiniyoyi ke kira haɗaɗɗen abu: abu biyu da kowannensu shi kaɗai ba shi da wani kirki, in aka gama su sai su yi ƙarfin da babu ɗayansu da ke da shi. A zamanin nan zaren kabon ko zaren gilashi ne ya maye gurbin ciyawa, wani irin danƙo mai daskarewa kuma ya maye gurbin ƙasa. Ana shimfiɗa zaren falle bisa falle, a jiƙa shi da danƙo, a gasa. Abin da ke fitowa ba shi da nauyi, ga ƙarfi kamar ƙarfe. Gangar jikin Titan irin wannan ce, mai kaurin inci biyar, an toshe bakinta biyu da murafun ƙarfen titaniyom.

Sai dai ƙarfe da wannan gami ba iri ɗaya suke mutuwa ba. Ƙarfe yakan lanƙwasa, ya miƙe, tsagarsa ta fito fili ta yi ta tsawo a hankali har mai dubawa ya gan ta. Gamin zare kuwa ciwonsa a ciki yake. Danƙo ya tsage, zare ya saki danƙo, falle ya rabu da falle, a ƙarshe zaren kansa ya tsinke, alhali fatar waje tana nan sumul tana ƙyalli. Ga shi kuma zare ɗan'uwan igiya ne, ya fi son a ja shi da a danne shi. Tukunyar iskar gas daga ciki ake tura ta, zarenta yana shan ja, aikin da ya iya ke nan. Jirgin nutso kuwa daga waje ake matsarsa, kuma a zurfin da Titan ya kai, kowane wuri da bai fi faɗin farce ba yana ɗauke da nauyin fiye da kilo 300.

To, duk lokacin da danƙo ya tsage ko zare ya tsinke, ƙarfin da ke daure a wurin yakan kuɓuce farat ɗaya, ya bazu cikin jikin abin a matsayin girgiza. Wanda ya kwana ƙarƙashin tsohon soro ya san ƙarar azara cikin dare da damina. Wannan ma haka take, sai dai mafi yawanta ta fi ƙarfin kunnen mutum siranta, domin mu ba ma jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan guda, ita kuwa takan kai dubu ɗari da yawa. Shi ya sa ake manna wasu 'yan ƙananan na'urori masu mai da girgiza ta zama lantarki. Kada a haɗa wannan da ƙwanƙwasa tulu da mata kan yi a kasuwa don su ji ko ya tsage. Mai ƙwanƙwasa tulu ita ke tambaya. Kunnen lantarki zaune yake yana jira, ba ya jin komai sai ciwo ya motsa. Ramin iska da ya maƙale cikin danƙo tun ranar ƙira, ko zaren da ya yamutse, shiru za su yi har ranar da suka fara cin jiki. Wannan shi ne abin da David Lochridge, shugaban ayyukan ruwa na kamfanin OceanGate, ya faɗa a rubuce a farkon 2018. Ya nemi a duba gangar jikin da na'urar da ke ratsa ta, ya ce saurare kaɗai ba zai nuna lahani ba sai dab da rushewa. Ladan da ya samu shi ne kora. A shekarar nan kuma ƙwararru na ƙungiyar masana fasahar teku suka rubuta takardar gargaɗi suna neman a kai jirgin gaban hukuma mai zaman kanta ta tantance shi. Kamfanin ya amsa a 2019 da cewa irin wannan tantancewa tana daƙile sabuwar fasaha.

Yanzu mu zo ga zancen wuri, wanda shi ne zuciyar maganarmu. Jin ƙara abu ne mai sauƙi. Sanin inda ta fito shi ne aikin. A ɗauki farantin ƙarfe, a manna masa kunnuwa uku a kusurwa uku. In wani wuri ya tsage, girgizar za ta fara isa kunnen da ya fi kusa, sannan na biyu, sannan na uku. In mun san gudun sauti cikin ƙarfen, tazarar lokaci tsakanin kowane kunnuwa biyu za ta ba mu layi guda mai lanƙwasa wanda tsagar take a kansa, inda layukan suka gamu kuwa nan ne wurin. Da irin wannan lissafi masana girgizar ƙasa suke gano cibiyarta tun fiye da shekara ɗari. Amma a lura da ƙanƙantar lokacin da ake awo. Sauti yana gudun kamar mita 5,000 a sakan cikin farantin ƙarfe. Watau in aka kuskure da kashi goma cikin miliyan na sakan, an kauce da santimita biyar.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan zato guda, cewa sauti yana gudu iri ɗaya ta kowace fuska. A ƙarfe zaton ya kusa gaskiya. A gamin zare ƙarya ne tsagwaronta. A fallen da zarensa duka ya fuskanci gefe guda, girgizar da ta bi tsawon zare takan ninka gudun wadda ta ratsa shi sau uku ko fiye. Misalinsa kamar a ce gobara ta tashi a wani ƙauye, labari ya isa gari mai nisa da ke bakin kwalta kafin ya isa rugar da ke kusa amma sai an ratsa daji. Wanda ya yi lissafi da lokacin isowar labari kaɗai, bai san hanyoyin ƙasar ba, zai aika da masu kashe wuta wani wuri dabam. In aka jera falle da yawa kowanne da fuskarsa, abin yakan ɗan daidaita, amma ba ya komawa kamar ƙarfe.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Tun 1917 masanin lissafi Horace Lamb ya nuna cewa girgiza cikin faranti ba ta tafiya da siffa ɗaya. Akwai wadda ke miƙa farantin tana tsuke shi, mai sauri ce amma sau da yawa ba ta da ƙarfi. Akwai wadda ke lanƙwasa shi sama da ƙasa, mai nawa ce amma ta fi amo. Na'ura kuwa an saba ɗora mata wata iyaka, sai girgiza ta haura iyakar take rubuta cewa sauti ya iso. Danƙo yana shanye sauti da wuri. Saboda haka kunnen kusa sai ya kama mai saurin, kunnen nesa kuma ta riga ta dushe kafin ta kai gare shi, sai ya kama mai nawar. Kwamfuta ta ɗauki biyun a matsayin abu ɗaya, ta buga lissafinta daidai wa daida, ta nuna wurin da babu komai. Daɗa ga wannan akwai amsa-kuwa daga gefuna da ramuka da mahaɗar danƙo da ƙarfe, ga kuma ƙarar da ba ta ciwo ba ce sam, kamar ta kusoshi da ta ƙarafan da ke goga juna.

Masu cewa ilmin tatsuniya ne a nan suke tsayawa su tafa. Sun yi gaggawa. Masana sun san waɗannan matsaloli tun kafin a haife mu, kuma maganin farko da suka samo abin dariya ne don sauƙinsa: fensir. Ana ɗaukar fensirin da ake turo bakinsa, mai kaurin rabin milimita, a fito da bakin kamar milimita uku, a jingina shi a jikin abin, a karya. Karyewar tana haifar da girgiza mai kama da ta tsaga, kuma kusan iri ɗaya take fitowa kowane karo. Ana kiran gwajin da sunan mutum biyun da suka fito da shi, Hsu da Nielsen. Da shi ake sanin ko kunne yana da rai, ko ya mannu sosai, da kuma nisan da yake iya ji. A 2007 masu bincike a Jami'ar Cardiff suka ɗaga wannan dabara zuwa wani mataki. Suka ce tunda ba mu san hanyoyin da sauti ke bi ba, mu bar zato, mu zana layuka a jikin abin kamar darar wasa, mu karya fensir a kowace mahaɗa, mu rubuta tazarar lokacin da kowane kunnuwa biyu suka nuna. In an gama, an sami taswirar wannan abu shi kaɗai, da ramukansa da kaurinsa da karkatar zarensa. Ran da ƙara ta gaskiya ta zo, sai a nemi mahaɗar da ta fi kama da ita. A 2012 kuma Tribikram Kundu na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka haɗa kunnuwa uku dab da juna a siffar kusurwa, za su nuna fuskar da sauti ya fito ba tare da an san gudunsa ba, gungu biyu kuma su ba da layi biyu masu gamuwa. Matsalar iyaka ma an rage ta da wani lissafi da aka aro daga masana girgizar ƙasa, mai ɗauke da sunan Akaike na ƙasar Japan, wanda ke neman daidai inda shiru ya ƙare sauti ya fara. A yau har kwamfuta ake koya wa aikin da dubban karyewar fensir.

Ba mu ce waɗannan dabaru ba su da aibu ba. Fensir a fata ake karya shi, ciwo kuwa yana iya kasancewa can cikin tsoka, kuma gangar jiki mai kaurin inci biyar ba siririn faranti ba ce na ɗakin gwaji. Taswirar ma takan tsufa in zafi ya sauya ko jikin ya sami sabon lahani. Amma wannan hujja ce ta a ƙara aiki da tsantseni, a kuma haɗa saurare da dubawa. Mai sauraro aikinsa ya ce wa mai dubawa, je ka duba nan. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma ji ne ke nuna wa gani inda zai dosa.

Me ya sa muka nace a kan wuri haka? Domin ƙidaya kaɗai ba ta da ma'ana. Ƙara ɗari da suka warwatsu ko'ina a jikin sabuwar tukunya wataƙila raunanan zaruruwa ne ke sallamawa, ba abin tashin hankali ba. Ƙara ashirin da suka fito daga wuri ɗaya, yau da gobe da jibi, ciwo ne ke girma. Na'urar da ke ƙidaya ba ta nuna wuri za ta tsorata da na farko ta yi barci a kan na biyu. Akwai kuma wata ƙa'ida da masu tallar Titan suka riƙe rabinta. A 1950 Bajamushe Joseph Kaiser ya nuna cewa ƙarfen da aka ɗora wa nauyi aka sauke ba ya sake ƙara sai an wuce nauyin farko. Da irin wannan tunani aka riƙa kwantar wa fasinjoji hankali, cewa ƙarar da suke ji ta zaruruwa marasa ƙarfi ce, jiki zai yi shiru in ya saba. Ɗaya rabin shi ne abin da Timothy Fowler ya bayyana a shekarun 1970 yana aiki a kan tankunan zaren gilashi: gamin zare mai lahani yakan fara ƙara tun kafin a kai nauyin da ya ɗauka a baya, kuma gwargwadon saurin fara ƙarar, gwargwadon munin lahanin. Wannan awo ba ya yiwuwa sai an ajiye tarihin jiya an gwada shi da na yau.

Ga abin da ya faru. A watan Afrilu na 2019, a tekun Bahamas, wani gwanin jiragen nutso mai suna Karl Stanley ya shiga Titan, ya ji jikinsa yana ta ƙara, ya rubuta wa shugaban kamfanin, Stockton Rush, cewa a tsaya a bincika. A shekarar aka iske tsaga a gangar jikin ta farko, aka yar da ita, aka ƙera wata da falle biyar masu kaurin inci ɗaya ɗaya da aka manna da juna. Ran 15 ga Yuli, 2022, a nutso na 80, jirgin ya taso daga Titanic ya kusa fuskar ruwa sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi, wadda ba a bukaci na'ura ba kafin a ji ta. Kunnuwan ma sun rubuta ta. Tambaya ɗaya ce a gaban kamfanin ranar: daga ina? Daga cikin gangar jikin, ko daga ƙarafan da ke riƙe da ita? Aka zaɓi amsar da ba ta da tsada, aka ce jirgin ne ya gyara zama cikin ƙarafansa, aka ci gaba da nutso da mutane. Shugaban sashen injiniya na lokacin ya shaida wa kwamitin bincike a 2024 cewa sun so a mai da jirgin gida a buɗe a duba, aka ce kuɗi ba su kai ba. Aka bar shi a fili a garin St. John's na Kanada ya sha sanyin hunturu. Nutso na 88 shi ne karo na farko da ya sake yin zurfi sosai bayan wannan hunturu.

Rahoton rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ya fito a watan Agusta na 2025, ya ce hatsari ne da za a iya hanawa. Na hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar ya biyo baya a watan Oktoba, ya ce jirgin ya sami lahani tun nutso na 80, falle ya rabu da falle, kuma ya kamata a ce an janye shi daga aiki nan take. Masu binciken ba su zo da wata sabuwar na'ura ba. Bayanan kamfanin suka ɗauka, suka jera awon tauyewar jikin daidai da zurfin ruwa, sai ga sauyin ya fito ɓaro-ɓaro. An kuma gano cewa wasu daga cikin kunnuwan nan takwas ba sa ma aiki. Wata goma sha ɗaya shaidar tana kwance cikin kwamfuta. Kaico! Karya bakin fensir kusa da kowane kunne kafin a shiga ruwa aikin 'yan mintoci ne.

Ga masu cewa ba ruwanmu kuwa, sai mu tambaye su ina suke zaton za su yi aiki in sun gama. Rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 gamin zare ne, na Airbus A350 ma ya ɗan haura rabi, kuma irinsu suna sauka a filayenmu. Fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, irin na Lambar Rimi a Katsina, da zare da danƙo ake yin su. Tun 2023 ake ta mai da motoci su koma aiki da iskar gas, kuma daga cikin tukwanen da ake yi a duniya don wannan aiki akwai na naɗin zare. Wata rana ɗan kwangila zai shigo ofishin ɗaya daga cikinmu da takarda mai sheƙi, ya ce kayansa ba sa bukatar a duba su domin suna da na'urar da ke lura da lafiyarsu dare da rana, ga alƙalami, a sa hannu. Muna so wanda ke zaune a kujerar ya san abin da zai tambaya. Kunnuwa nawa ne, yaushe aka gwada su da fensir, kuma wa ya gani? In na'urar ta nuna wuri, da santimita nawa takan kauce a jikin wannan abu, ba a farantin ƙarfe na ɗakin gwaji ba? Wa ya ɗora iyakar da za a ce a tsaya, kuma shin aljihunsa zai ji ciwo in an tsaya? Wannan ta ƙarshe ita ce ta kashe mutanen Titan, domin mai jirgin shi ne matuƙinsa, shi ne mai sayar da kujerunsa, shi ne kuma mai fassara ƙararsa.

Muna kuma kira ga sassan injiniya na jami'o'inmu da su daina ajiye wannan fanni a babi na ƙarshe wanda zangon karatu kan ƙare ba a kai gare shi ba. Farantin zaren gilashi ɗaya, da na ƙarfe ɗaya, da kunnuwa huɗu, da na'urar nuna siffar lantarki wadda kusan kowane ɗakin gwaji yake da ita, da fensir, sun isa ɗalibi ya gani da idonsa yadda lissafin da ya ci a ƙarfe yake faɗuwa a zare. Wanda ya taɓa ganin kwamfuta ta nuna masa wurin da ya kauce da taƙi guda daga inda ya karya fensirinsa da hannunsa, ba zai ƙara gaskata allon na'ura don kawai yana nuna koren launi ba.

Akwai kunnuwa na dabam da suka yi aikinsu a ranar 18 ga Yuni, kuma ba a jikin Titan suke ba. Rundunar sojan ruwan Amurka tana da na'urorin saurare a ƙarƙashin teku. Da aka koma ga abin da suka rubuta, sai aka iske wata ƙara mai kama da ta murƙushewa, daga yankin da jirgin yake, a daidai lokacin da aka daina jinsa, aka kuma sanar da shugaban masu nema. Ran 22 ga wata aka sami tarkacensa a ƙasan teku, kamar mita 500 daga goshin Titanic.